Tsohuwar Mota da Tarin Asuba

Akwai wata cuta da ke kama tsofaffin motoci wadda ba ta tashi sai da sassafe. Ka murza makulli, injin ya yi kamar ba zai amsa ba, sa'an nan ya tashi da kyar yana karkarwa, sitiyari na rawa, madubi na rawa. Ka ɗan taɓa totur, sai ka ji fat! daga cikin bonet, kamar tsoho ya yi atishawa, ko kuwa ka ji tau! daga baya, kamar an harba bindigar toka, kaji su watse, maƙwabta su leƙo. In ka daure ka yi tafiyar mil biyu ko uku, sai abin ya wuce ɗungum, motar ta yi ta aikinta lafiya lau har dare. Gari ya waye kuma a koma gidan jiya. Abin da ya sa cutar nan ta ke cin kuɗin mutane shi ne, kafin ka kai motar gareji ta riga ta yi zafi, bakanike ya kasa kunne bai ji kome ba, sai ya shiga lalube, kai kuwa kana ta biya.

Motata Peugeot 504 ce, wadda mutanenmu ke kira Fijo. An fara ƙera irinta a Faransa a 1968, kamfanin da ke Kaduna kuwa ya fara haɗa motocin Peugeot a 1975, aka yi ta haɗa 504 a can har cikin shekarun 2000, bayan an daɗe da barin yinta a ƙasarta ta asali. Tawa ta Kaduna ce, mai silinda huɗu da kafireta, na saye ta hannun wani dattijon malami da ya yi ritaya. Ta girmi duk ɗaliban da ke ajina, ta kuwa bi ta hannun masu gyara da yawa kafin ta zo gare ni. Ban riƙe ta don ado ba. In lokacin koyon koyarwa ya zo, da ita na ke zagaya makarantun ƙauye in duba ɗalibanmu, wanda ya taɓa tsayawa gaban aji yana jiran mai dubawa kuwa ya san abin da ke nan. Yaro ya kwana yana shirya darasi, ya zana taswirarsa, ya ari alli mai launi, an ba shi darasin farko na ƙarfe takwas. In ban iso ba sai tara, darasin ya wuce, ba ni da abin da zan ba shi maki a kai, sai a sāke sa wata rana, wataƙila bayan mako biyu. Ga kuma fetur, wanda tun da aka janye tallafinsa a watan Mayu na 2023 ya zama abin da malamin makaranta ke awo da cokali. Motar da ke tari da safe tana zubar da shi ne a banza.

Da cutar ta yi tsanani cikin damina, masu gyara biyu suka duba ta. Na farko ya ce kafireta ta mutu, a sayi wata. Na biyu ya ce injin ne ya gaji, sai an sauke shi an sāke ringi. Kowannensu da tsakar rana ya gan ta, tana da zafi, tana aiki sumul. Kuɗin da na biyun ya faɗa ya fi albashina na wata. Sai na ce bari in tambayi wani tsohon bakanike da ke Sabo, Bahaushe, wanda ya yi shekaru yana gyaran Fijo tun lokacin da ita ce tasi a kowace tasha. Na kwashe labari na gaya masa. Bai ko buɗe bonet ba. Ya ce, "Malam, mai zazzaɓin dare ba a duba shi da rana. Ka bar ta ta kwana inda ta saba, kada kowa ya taɓa makulli, ni zan zo bayan sallar asuba. Amma kafin nan ka gaya mini, ta baki ta ke yi ko ta baya?" Na ce, "Baba, duka biyu." Ya ce, "To, ciwo biyu ke nan, ko uku."

Kafin in ci gaba ya kamata in bayyana dalilin tambayar nan tasa, gama a kanta duk binciken ya tsaya. Injin irin wannan yana aiki ne da motsi huɗu, bisa tsarin da wani Bajamushe, Nikolaus Otto, ya kammala a 1876. Fistin ya yi ƙasa ya shaƙi iska gauraye da fetur, ya yi sama ya matse su, fulogi ya ba da tartsatsi su kama da wuta su tura fistin ƙasa, sa'an nan ya sāke yin sama ya kori hayaƙi. Kowace silinda tana da ƙofa biyu, watau bawul, ɗaya ta shiga ɗaya ta fita. Ga awo, kilo ɗaya na fetur yana bukatar iska wajen kilo 14.7 kafin ya ƙone sarai. Amma fetur ba ya cin wuta yana ruwa, sai ya zama tururi. Da safe ƙarfe yana da sanyi, fetur ɗin da ya baro kafireta sai ya lafe a jikin bututun da ke kai shi silinda, wanda a ke kira manifol, kamar yadda tururin tukunya ke komawa ruwa in ya taɓa murfi mai sanyi. Abin da ya isa silinda sai ya zama iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan. Domin wannan ne aka yi cok. Wani ɗan faifai ne a bakin kafireta, in ka ja shi ya tare iska, injin ya zuƙo mai da yawa, don ko rabi ya lafe a hanya, sauran ya isa.

To, haɗin da mai ya yi kaɗan a cikinsa ba ya kamawa farat ɗaya. A hankali ya ke ci, kamar ɗanyen itace, har fistin ya gama aikinsa wutar ba ta mutu ba. Da bawul ɗin shiga ya buɗe don a shaƙi sabon haɗi, sai ragowar wutar nan ta kama shi, ta bi manifol da baya, ta fito ta bakin kafireta. Atishawar ke nan. Harbin baya kuwa dabam ne. Shi yana zuwa ne in fulogi ya ƙi ba da wuta a wani zagaye, ko ya ba da ita a makare, ɗanyen mai ya fita ta bawul ɗin hayaƙi ya taru cikin salansa, sa'an nan hayaƙi mai zafi na wata silinda ya biyo ya kunna shi. In salansa tana da huda inda iska ke shiga, abin ya fi ƙarfi, har ya kan fasa ta. Saboda haka a mafi yawan lokaci atishawa ƙarancin mai ta ke nunawa, harbi kuwa laifin wuta. Na ce a mafi yawan lokaci, domin wayar fulogi da aka sa ba a wurinta ba, ko bawul da ba ya rufuwa, suna iya kawo kowanne. Sai dai su waɗannan ba su san safe da rana ba, kullum su ke yi. Cutar da ke warkewa in injin ya yi zafi ta riga ta gaya maka rabin sunanta.

Baba ya sa ni wani aiki tun daren. Ya ce bayan isha'i in tā da motar a wuri mai duhu, a fili ba cikin ɗaki ba, domin hayaƙin mota yana kashe mutum a rufaffen wuri ba tare da ya ji warin kome ba. In buɗe bonet in zuba ido kan wayoyin fulogi, kada in taɓa. Na yi haka, sai ga wani ɗan shuɗin tartsatsi yana tsalle daga jikin waya ɗaya zuwa ƙarfen injin, ƙyas, ƙyas, abin da da rana ba mai ganinsa. Batir volt 12 ya ke bayarwa, kwayil ya ɗaga shi zuwa dubbai masu yawa, wutar da ta kai haka kuwa ba ta da haƙuri, duk inda ta ga hanya mafi sauƙi nan ta ke bi. Robar waya in ta tsufa ta tsattsage, raɓa ta kwanta a kanta, ta zama hanya. A nan kudu, inda damina ke da tsawo, iska kuma ke cike da danshi, wannan ya fi damun motoci bisa ga can arewa, inda abokin gābarsu shi ne sanyin hunturu da ƙura. Da injin ya yi zafi danshin ya bushe, wuta ta koma hanyarta, mai mota ya ce ai ta warke.

Da asuba ya iso da yaronsa da ɗan akwatin kayan aiki. Na lura bai ko dubi kafireta ba. Ya ce ƙa'idarsa ita ce wuta tukuna, sa'an nan iska, sa'an nan mai, domin sukurun kafireta shi ne abu mafi sauƙin murɗawa a injin, shi ya sa kowa ke fara murɗa shi, alhali shi ne ya fi kome rashin laifi. Ya kwance fulogi huɗu ya jera su bisa tsumma yadda su ke a injin, ya ce in karanta. Fulogi mai lafiya bakinsa ƙasa-ƙasa ne, kamar launin busasshiyar laka. In ya yi baƙi da kunkunniya busasshiya, mai ya yi yawa ko wuta ba ta da ƙarfi. In ya yi fari fat, mai ya yi kaɗan. In ya jiƙe da baƙin mai, to, ringi ne ko hanyar bawul ta lalace. Nawa biyu sun yi fari-fari, ɗaya ya yi baƙi, shi ne na wayar da ke yoyon wuta, na huɗun kuwa ba laifi. Ko ɗaya bai jiƙe da baƙin mai ba. Baba ya ɗaga su ya ce, "Malam, injin da ya gaji ba ya fitar da fulogi haka. Ajiye kuɗinka tukuna."

Daga nan ya buɗe marfin distiributa, watau abin da ke rarraba wuta ga fulogi bi da bi. Cikin marfin akwai gumi, ya goge, ya ɗaga shi wajen haske yana neman wani siririn zane baƙi kamar na fensir, wanda wuta ke yi in ta saba ɓarauniyar hanya. Bai samu ba, marfin ya tsira. Sai kwantak. Ƙarafa biyu ne ƙanana masu buɗewa da rufewa, duk sa'ad da suka buɗe kwayil ya saki wuta. A wannan injin tsakaninsu milimita 0.4 ne in sun buɗe iyaka. Nawa sun kusa haɗewa, domin ɗan dunduniyar da ke tura su ya cinye da tafiya. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, in tsakanin nan ya ragu, ba ƙarfin wuta kaɗai ke raguwa ba, lokacinta ma jinkiri ya ke yi, gama kwantak ɗin ba ya buɗewa sai a makare. Saboda haka wanda ya daidaita taimin kafin ya daidaita kwantak ya yi aikin baban giwa. Baba ya sa sabon kwantak da kondansa, ya auna tsakani da siraran ƙarafan awo da su ke kira fila, sa'an nan ya daidaita taimin da ɗan ƙwan fitila da waya biyu kawai. Ya juya injin da hannu har alama ta zo daidai, ya murɗa distiributa a hankali har ƙwan ya kama, ya ɗaure.

Wajen mayar da wayoyi ya nuna mini wani tarko. Jerin wutar injin nan 1, 3, 4, 2 ne, kamar na yawancin masu silinda huɗu, amma Peugeot daga baya ta ke fara ƙirga silinda, ta wajen giya, ba daga gaba wajen lagireto ba. Yaron da ya saba da wasu motoci in bai sani ba sai ya rikice. Shi ya sa Baba ba ya cire wayoyi duka a lokaci guda, ɗaya-ɗaya ya ke sākewa.

Aka tā da ita. Harbin baya ya tafi, karkarwa ta ragu, amma da ya taɓa totur sai fat! Ya yi murmushi ya ce saura ciwon baki. Ya ce in shiga in ja cok har ƙarshe, shi yana duban bakin kafireta. Faifan bai rufe ko rabi ba, wayar da ke jansa ta saki a wurin ɗaurinta. Watau duk safiyar da na ke jan cok, hannuna kaɗai ke aiki. Ya ɗaure wayar, injin ya ɗan daidaita, amma da aka mayar da cok sai ya koma rawa. Ya ce wannan ita ce shaida: in jan cok, ko ɗora tafin hannu a rabin bakin kafireta, ya sa injin ya yi daɗi, to, yunwar mai ya ke ji, ko kuwa iska na shigar masa ta inda ba a aike ta ba.

Yadda ya nemi ɓarauniyar iskar nan ya ba ni sha'awa ƙwarai. Ya ɗauko guntun tiyo, ya sa baki ɗaya a kunnensa, yana bi da ɗayan gindin kafireta da gefen manifol, kamar likita da abin sauraron ƙirji, yana nesa da fanka. Sa'an nan ya ɗauki filaya yana matse mesoshin roba ɗaya bayan ɗaya. Da ya matse babbar mesar da ta tashi daga manifol zuwa tulun birki, baƙin gwangwanin nan da ke taimakon ƙafa wajen taka birki, kusa da bakinta na wajen injin, sai muryar injin ta sāke nan take, ta zauna. Ya cire ta ya lanƙwasa, ga tsaga ta ƙarƙashi, wajen tsawon ɗan yatsa, inda ido ba ya kaiwa. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Iskar da ke shiga ta nan ba ta bi ta kafireta ba, saboda haka ba a ba ta rabonta na mai ba, silindar da ke kusa da ita su ne masu farin fulogi. In injin ya yi zafi yana mai da duk fetur ɗinsa tururi, sai ya iya jure ƙarin iskar. Da safe kuwa, da ma yana cikin yunwa, ba ya iyawa. Ya kuma tarar wani a can baya ya warware sukurun silo ƙwarai don ya rufe laifin, maimakon ya neme shi. Abin da ya fi tsorata ni shi ne da ya ce mesar nan ita ke ba birki ƙarfi, in ta ƙarasa yagewa a kan gangara birki zai yi tauri kamar dutse. Ni kuwa na kan ɗauko ɗalibai uku ko huɗu a hanyar dawowa.

Ina tsaye ina kallonsa sai na tuna abin da mu ke koya wa ɗalibai a darasin sanin halin yara. Yaron da ba ya gane kome a darasin farko amma ya ware bayan tara, ba a ce masa daƙiƙi, sai a tambaya ko ya karya kumallo, ko daga nesa ya ke zuwa. Na faɗa wa Baba haka, ya yi dariya ya ce shi bai yi boko ba, amma ya san mai gyaran da ya fara da sauke injin kamar malamin da ya fara da bulala ne.

Saura abu guda, wanda a kansa na ke so in ɗan tsaya, domin ya zama ruwan dare a ƙasar nan. Motar ta yi minti goma tana aiki, allurar zafi ba ta ko motsa ba. Baba ya taɓa mesar sama ta lagireto ya ji ta fara ɗumi tun da wuri, ya ce, "An cire mata tamostat." Da injin ya huce ya buɗe wurin, wayam. Tamostat wata 'yar ƙofa ce a hanyar ruwa. In injin yana da sanyi tana rufe, ruwa ya yi ta zagaya cikin injin kaɗai har ya yi zafi, sa'an nan ta buɗe, a tsakanin digiri 75 da 85 bisa ga irin injin, ruwa ya tafi lagireto ya huce. Masu gyara da yawa suna cire ta su yar, wai kayan ƙasar sanyi ce, mu nan rana ta ishe mu. Ni ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Zafin ranarmu, ko a watan Maris, bai kai rabin zafin da injin ke bukata ba in an auna da digiri, balle safiyar Agusta da a ke yayyafi. Injin da ba shi da tamostat ya kan daɗe yana aiki da sanyi, ya sha mai da yawa, ɗanyen fetur ya wanke baƙin mai daga jikin silinda, ringi su ci da wuri. Gaskiya ne tamostat in ta lalace ta kan maƙale a rufe injin ya tafasa, daga nan ne tsoronta ya samo asali. Amma maganin lalatacciyar ƙofa sabuwar ƙofa ne. Gwada ta kuma ba wuya: a jefa ta cikin tukunyar ruwa a kan wuta, in ta buɗe kafin ruwan ya tafasa tana da rai. Injin da ke tafasa alhali tamostat ɗinsa na da lafiya, a dubi lagireto da fanbel da famfon ruwa.

Sauran abubuwan ya bi su da sauri. Ya kashe injin, ya leƙa maƙogwaron kafireta, ya ja totur da hannu, ya ga fetur ya yi tsartuwa, watau ɗan famfon da ke ƙara mai sa'ad da aka taka totur yana aiki. In da ba ya yi, shi ma yana kawo atishawa. Ya kwance jet ɗin silo ya hure shi da iska, ya ce kada a kuskura a zura masa waya, ramin zai faɗaɗa. Ya tsiyayi fetur kaɗan cikin kwalba ya ajiye, don in akwai ruwa zai kwanta a ƙasa. Babu.

Don a kashe maganar sauke injin, na roƙe shi ya auna matsin silinda. Ya cire fulogi duka, ya sa agogon awo a kowane rami, ni ina murza makulli da totur a take. Abin da a ke nema shi ne huɗun su yi kusa da juna, kada bambancinsu ya wuce kamar kashi ɗaya cikin goma. Uku sun zo daidai, ɗaya ta ɗan gaza. Ya zuba mata baƙin mai cokali ɗaya ya sāke awo, allura ta hau. Ya ce in ta hau da mai, ringi ne suka fara sakewa, domin man ya toshe tsakaninsu na ɗan lokaci. In ba ta hau ba, bawul ne. In kuwa silinda biyu maƙwabtan juna suka gaza tare, a zargi gasket ɗin da ke tsakaninsu. Washegari, da injin ya kwana ya huce sarai, ya daidaita tsakanin bawul, milimita 0.10 na shiga, 0.25 na fita, gama a sanyi a ke auna su a wannan injin.

Gargaɗi ɗaya ya maimaita mini har sau biyu, ni ma zan maimaita wa direbobin kwaleji da duk malamin da ke da irin motar nan. Kada a yi yawo ba tukunyar tace iska a kan kafireta. Wasu suna cire ta wai injin ya sha iska. Ban da ƙurar da ta ke tarewa, ita ce ke kashe harshen wutar atishawa. In babu ita, wutar ta kan fito fili, ga fetur a kusa, motoci da yawa sun ƙone ƙurmus ta haka. Kada kuma mutum ya sa fuskarsa bisa bakin kafireta wani yana murza makulli, kada a ɗura mata fetur ta baki don ta tashi. A ajiye abin kashe gobara a mota, domin ruwa ba ya kashe wutar fetur, yaɗa ta ya ke yi.

Na san yawancin motocin da ke ajiye gaban ofis yanzu ba su da kafireta ko cok ko kwantak. Kwamfuta ke auna musu mai. Amma cutar ba ta mutu ba, ta sāke riga ne. A cikinsu akwai wani ɗan ma'auni da ke gaya wa kwamfuta zafin ruwan injin, shi ke yin aikin cok. In ya yi ƙarya ya ce injin na da zafi alhali da sanyi, kwamfuta ta rage mai, sai ka ji irin karkarwar nan. Tsagaggiyar mesa da tsohon fulogi da cirarren tamostat kuwa duk suna nan yadda su ke. Tun 1996 dokar Amurka ta wajabta wa motocin da a ke sayarwa can wata kafa da a ke sa na'urar karanta laifi, yawancin motocin da a ke shigo da su na hannu suna da ita. Na'urar tana taimako, amma in ta ce mai ya yi kaɗan, ba za ta nuna maka tsagar da ke ƙarƙashin mesa ba, sai ka sunkuya da kanka.

Abin da na kashe duka, wayoyin fulogi da kwantak da kondansa da mesa da tamostat da ladan Baba, bai kai kuɗin cika tanki sau ɗaya ba. Yanzu da safe na kan ja cok, in tā da ita ba tare da na yi ta taka totur ba, in ba ta kamar minti ɗaya, in tashi a hankali, in riƙa mayar da cok kaɗan-kaɗan, kafin in kai ƙofar kwaleji na mayar da shi duka, domin cok da aka manta a jawo shi ma yana baƙanta fulogi ya zubar da mai. Zagayen da ya wuce makarantu bakwai aka ba ni, na kuwa ga darasin farko a kowace. Silindar nan mai raunin ringi tana nan, ta kan ɗan yi shuɗin hayaƙi in na hau tudu da kaya. Baba ya ce in riƙa duba baƙin mai kowace Asabar, in sāke awon matsi bayan wata shida, in allura ta ƙara sauka sai a buɗe injin a babban hutu, lokacin da ba ɗalibin da ke jirana.